Kasafin kuɗin gida a koyarwar Kirista: Tushensa, ƙa'idojinsa da yadda yake rage damuwa

Kasafin kuɗin gida shi ne tsarin da mutum ko iyali ke rubutawa tun kafin kuɗi su shigo hannu, wanda ke nuna abin da ake sa ran samu a mako ko a wata, da kuma inda kowace naira za ta tafi. Malaman addinin Kirista suna ɗaukar wannan aiki a matsayin wani ɓangare na riƙon amana. A fahimtarsu, dukiya ta Allah ce, mutum kuma wakili ne da aka damƙa wa ita, kuma za a tambaye shi yadda ya sarrafa ta.

Batun ya ƙara ɗaukar hankali a majami'u da gidaje a Najeriya tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira ga kasuwa a watan Yunin wannan shekara. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Tun kafin wannan tsada, binciken hukumar na shekarar 2019 ya nuna abinci ne ke cinye fiye da kashi 56 cikin 100 na abin da gidaje ke kashewa. A irin wannan hali, ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata da ɗan kasuwar da jarinsa ke narkewa a tukunya duk suna neman tsarin da za su kama.

Tushen koyarwar

Ginshiƙi na farko shi ne mallaka. Zabura 24 ta buɗe da bayanin cewa duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Daga nan malaman Kirista suka fitar da hukuncin cewa albashi, riba, gona da shago duk ajiya ce a hannun mai su. Misalin da Yesu Almasihu ya bayar a Matiyu 25:14-30 ya ƙarfafa wannan fahimta. Wani maigida zai yi tafiya, sai ya raba wa bayinsa uku kuɗi gwargwadon ƙarfin kowa. Biyu suka juya nasu suka ninka, na ukun ya haƙa rami ya binne. Da maigidan ya dawo sai ya nemi lissafi, ya yaba wa biyun farko, ya hukunta na ukun. Darasin da ake ɗauka shi ne cewa ranar lissafi tana zuwa, kuma wanda bai san abin da ya shigo da abin da ya fita ba, ba shi da abin faɗa a ranar.

Ginshiƙi na biyu shi ne shiri. A Luka 14:28-30 an kawo mutumin da ke son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙididdige abin da ginin zai ci, don kada ya sa harsashi ya kasa ƙarasawa, ya zama abin dariya ga masu wucewa. Asalin maganar a kan farashin bin Almasihu take, amma masu koyar da sha'anin kuɗi sun daɗe suna kafa hujja da ita, domin ta ɗauki ƙididdiga kafin aiki a matsayin abin da kowane mai hankali ya sani. Littafin Karin Magana 27:23 ma ya umarci makiyayi ya san halin da garkensa ke ciki sosai. A zamanin da aka rubuta shi, garke shi ne asusun mutum.

Ginshiƙi na uku shi ne wadar zuci. Manzo Bulus ya shaida wa Filibiyawa cewa ya koyi zama cikin rashi da cikin yalwa ba tare da hankalinsa ya tashi ba. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Timoti, sura ta 6, ya yi gargaɗin cewa son kuɗi tushen miyagun abubuwa iri-iri ne. Malamai kan ja hankali a nan cewa abin da aka zarga shi ne son kuɗin, domin kuɗi kansu kayan aiki ne. Akwai kuma addu'ar Agur a Karin Magana 30, inda ya roƙi kada a ba shi talaucin da zai kai shi ga sata, ko arzikin da zai sa ya manta da Allah.

Na huɗu shi ne aiki da halal. Bulus ya ci abinci da sana'ar ɗinkin tanti, kuma ya gargaɗi Tasalonikawa game da masu ƙin aiki suna jiran na wasu. Ga ma'aikatan gwamnati, nassin da ya fi kusa shi ne Luka 3:12-14, inda Yahaya Mai Baftisma ya ce wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya kuma ce wa sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Ga 'yan kasuwa kuwa, Karin Magana 11:1 ya la'anci ma'aunin algus. Saboda haka kasafin Kirista yana farawa ne da kuɗin da aka samu ta hanya mai tsabta; cin hanci da tauye mudu ba su da layi a cikinsa.

Yadda ake tsara shi

Matakin farko shi ne sanin gaskiyar abin da ke shigowa. Ma'aikaci zai rubuta abin da ke isa asusunsa bayan an cire haraji, kashi 8 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci, da duk wani bashin ƙungiyar gama-kai da ake zara daga tushe. Alawus ɗin da ba a tabbatar da ranar biyansa ba, da ariyas da ake ta alƙawari, ba a sa su a lissafi sai sun shigo.

Ɗan kasuwa yana da aiki na musamman a nan, wato raba uwar kuɗi da riba. Cinikin yini ba samu ba ne, domin mafi yawansa kuɗin sake saro kaya ne. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce mai shago ya yanka wa kansa albashi daga riba, a mako ko a wata, gida ya rayu a kan wannan adadi, a daina ɗiban cefane kai tsaye daga aljihun shago. Wanda samunsa ke hawa da sauka zai gina kasafinsa a kan watan da kasuwa ta fi ja baya, rarar watanni masu kyau kuma ta tafi ajiya.

Mataki na biyu shi ne bin sawun kashewa na tsawon wata guda cur. Ana rubuta komai a ƙaramin littafi ko a waya: kuɗin mota, katin waya da data, cajin cire kuɗi a wajen masu POS, gudummawar biki, abincin rana a wajen aiki. Galibi a nan ne iyali ke gano cewa ƙananan abubuwan da ba a ƙirgawa sun kai kuɗin buhun hatsi.

Mataki na uku shi ne jera buƙatu bisa fifiko. Tsarin da ya yaɗu a majami'u da dama shi ne a ware kashi 10 cikin 100 domin bayarwa, kashi 10 domin ajiya, a rayu da kashi 80. Wannan rabo ba ya cikin Littafi Mai Tsarki a rubuce, dabara ce ta masu koyarwa, kuma kowane gida yana daidaita shi da halinsa. A cikin kashi 80 ɗin, abinci, muhalli, lafiya da karatun yara ne ke gaba, bisa gargaɗin 1 Timoti 5:8 mai tsanani ga wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa.

Ga misali domin fahimta kawai. A ɗauka ma'aikaci yana karɓar naira 150,000 a wata. Zai iya ware 15,000 domin bayarwa, 10,000 ajiya, 60,000 abinci, 15,000 tanadin kuɗin haya, 15,000 tanadin kuɗin makaranta, 15,000 sufuri, 8,000 wuta da ruwa da waya, 5,000 taimakon iyaye da dangi, 4,000 magani, 3,000 kuma gudummawar biki da jaje. Jimilla 150,000, babu nairar da ba a ba ta aiki ba. Abin lura shi ne layin haya. Naira 15,000 sau goma sha biyu ta zama 180,000, don haka idan mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa a ƙarshen shekara, kuɗinsa na nan. Haka ake yi wa duk wani nauyi da ke zuwa lokaci guda: kuɗin makarantar Satumba da Janairu, hidimar Kirsimeti da Ista, tafiya gida a ƙarshen shekara. Babu ɗayansu da ke zuwa ba zato, an san ranakunsu tun farkon shekara.

Mataki na huɗu shi ne riƙe iyaka. Tsohuwar dabara ita ce ta ambulan: a raba kuɗin wata cikin ambulan daban-daban, a rubuta sunan kowace buƙata a bayanta, idan ta abinci ta ƙare ba a taɓa ta haya. A yau wasu na yin haka da asusun banki biyu ko uku. A ƙarshen wata ana zama a kwatanta abin da aka tsara da abin da ya faru, a gyara na gaba. Wata biyu ko uku na farko ba kasafai suke tafiya daidai ba, kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne.

Zakka da baiko

A bakin Kiristoci masu magana da Hausa, kalmar zakka tana nufin ushiri, wato ɗaya bisa goma na abin da mutum ya samu. Ta bambanta da zakkar Musulunci a adadi da sharuɗɗa. Baiko kuwa shi ne abin da ake bayarwa da son rai, ba tare da ƙayyadadden adadi ba. Tushen ushiri yana cikin Tsohon Alkawari, musamman Littafin Firistoci 27:30 da Malakai 3:10.

Akwai saɓani a tsakanin ɗarikun Kirista kan matsayinsa a yau. Majami'u da yawa, musamman na Fentikos da wasu na masu bishara, suna koyar da cewa ushiri wajibi ne. Wasu malamai suna ganin Sabon Alkawari bai ƙayyade adadi ba. Hujjarsu ita ce 2 Korintiyawa 9:7, inda aka bar wa kowa ya bayar da abin da ya ƙudurta a zuciyarsa, ba da tilas ba, da 1 Korintiyawa 16:2, inda aka ce kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Cocin Katolika yana ɗora wa mabiyansa tallafa wa buƙatun ikkilisiya gwargwadon ikon kowa, ba tare da yanka kashi goma a matsayin doka ba. Ana kuma saɓawa kan ko daga cikakken albashi ake cirewa ko daga abin da ya rage bayan haraji. Ga ɗan kasuwa, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne daga riba ake cirewa, ba daga jari ba.

Inda mafi yawansu suka haɗu shi ne cewa bayarwa tana da layinta a kasafi, ana tsara ta tun farko, ba a barin ta ga motsin zuciya a lokacin wa'azi. Haka kuma ba a fakewa da ita a yi watsi da haƙƙin iyaye. A Markus 7:9-13 Yesu ya soki masu cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah domin su kauce wa ciyar da iyayensu.

Ajiya

Labarin Yusufu a Farawa 41 shi ne misalin da aka fi kawowa. Bayan ya fassara mafarkin Fir'auna, ya ba da shawarar a tara ɗaya bisa biyar na amfanin gonar Masar a shekaru bakwai na yalwa, domin shekaru bakwai na yunwa da za su biyo baya. Karin Magana 6:6-8 kuma ya tura malalaci wajen tururuwa, wadda ke tara abincinta da kaka ba tare da wani shugaba ya tsaya a kanta ba.

Ajiyar farko da ake ba da shawara ita ce ta ko-ta-kwana: rashin lafiya, lalacewar abin hawa, gobarar kasuwa, ko jinkirin albashi. Masu koyarwa kan ce a fara da ƙaramin adadi, a riƙa ƙarawa har ya kai abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida. A lokacin hauhawar farashi, kuɗin da ke kwance suna rage daraja, don haka gidaje da dama kan mayar da wani ɓangare na ajiyarsu hatsi da kaka, lokacin da farashi ya fi sauƙi. Wannan hikimar rumbu ce da aka gada. Ga mai ajiya a banki, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga adadin da take lamuncewa a bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a shekarar 2024. Adashe da ƙungiyoyin gama-kai, har da waɗanda ake yi a tsakanin 'yan zumuntar mata da sauran ƙungiyoyin coci, suna taimakawa wajen tilasta wa kai tanadi, muddin akwai rubutu da amintaccen mai riƙo.

Koyarwar ta kuma sa wa tari iyaka. A Luka 12:16-21 an ba da misalin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudurta zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta ya ci ya sha, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Malamai suna bambanta ajiyar da ke da manufa da tarin da ya zama abin dogaro a madadin Allah.

Akwai gargaɗi na musamman kan neman arzikin dare ɗaya. Karin Magana 13:11 ya nuna dukiyar da aka samu a gaggauce tana zagwanyewa, wadda aka tara kaɗan-kaɗan kuwa tana ƙaruwa. 'Yan Najeriya sun ga haka a tsarin MMM da ya daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilun 2025. Irin waɗannan tsare-tsare sukan bi ta hanyar amintattu, abokin aiki ko ɗan'uwa a wurin ibada. Kafin zuba kuɗi a kowane kamfani, ana iya bincika ko yana da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta SEC. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bashi

Littafi Mai Tsarki bai kira cin bashi zunubi kai tsaye ba, amma ya siffanta shi da kalmomi masu nauyi. Karin Magana 22:7 ya kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi rance. Zabura 37:21 ta jingina ƙin biyan bashi ga mugu. Karin Magana 22:26-27 ya yi kashedi kan tsaya wa wani a bashi, har ya ambaci yiwuwar a ɗauke wa mutum gadon da yake kwance a kai. Wannan ya shafi ma'aikatan da ke sa hannu a takardar rancen abokan aiki ba tare da tunanin cewa daga albashinsu za a zara idan wancan ya gaza ba.

Labarin da ke 2 Sarakuna 4:1-7 ya ƙunshi matakan da masu ba da shawara ke bi har yau. Wata mata mijinta ya rasu ya bar bashi, mai bin bashin ya zo zai ɗauke 'ya'yanta biyu. Ta kai kuka ga Annabi Elisha, ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce sai ɗan mai a tulu. Bayan man ya yawaita ta hanyar mu'ujiza, ya umarce ta ta sayar, ta biya bashin, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Ta faɗi matsalarta ba ta ɓoye ba, an fara da abin da ke hannu, kuma an biya bashi kafin a ci saura.

A aikace, ana rubuta dukkan basussuka a takarda ɗaya, da adadinsu da kuɗin ruwansu da ranar biya. Daga nan akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a fara kashe mafi ƙanƙanta, sannan a ɗora abin da ake biya masa a kan na gaba. Tana ƙarfafa gwiwa domin ana ganin sunaye suna raguwa. Ta biyu ita ce a fara da wanda kuɗin ruwansa ya fi yawa. Ita ce ta fi rage asara a lissafi. Rancen manhajojin waya, mai gajeren wa'adi da kuɗin ruwa mai yawa, ya kamata ya zo a sahun farko ko wace hanya aka bi, kuma cin sabon bashi domin biyan tsoho rami ne a kan rami. Wanda ya kasa biya a kan lokaci ana shawartarsa ya je wajen mai bin sa da kansa a sake tsara biya, maimakon kashe waya da sauya hanya.

Kuɗi da kwanciyar hankali

Nassin da aka fi karantawa kan damuwa shi ne Matiyu 6:25-34, inda Yesu ya hana almajiransa damuwa kan ci da sha da sutura, ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji, ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta. Wasu sun ɗauka wannan ya hana shiri gaba ɗaya. Mafi yawan masu tafsiri sun bambanta biyun: shiri aiki ne da ake yi a gama, damuwa kuwa juya magana ce a zuci da ba ta ƙara ko kwabo. Yakubu 4:13-15 ya daidaita su, inda ya yi magana da 'yan kasuwar da ke tsara tafiya wani gari su shekara su ci riba. Bai hana su tsarin ba, ya ce su jingina shi ga yardar Ubangiji, domin ba su san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Kasafi yana rage damuwa ta hanyoyi da ake iya gani. Bashin da ba a ƙirga ba ya fi tsoratarwa a kan wanda aka rubuta adadinsa. Nauyin shekara da aka raba gida goma sha biyu ya daina zama bala'in wata ɗaya. Mai kasafi kuma yana da amsa ta gaskiya ga mai neman taimako ko mai tallan ankon biki: abin da aka ware na wannan wata ke nan. Wannan yana kare shi daga kashe kuɗin kunya da gasar da ba ta da ƙarshe.

A cikin aure, ɓoye samu da ɓoye bashi suna daga manyan abubuwan da ke haddasa rigima. Saboda koyarwar Farawa 2:24 cewa miji da mata jiki ɗaya ne, majami'u da yawa suna sa batun kuɗi a darussan da ake ba masu shirin aure. Ana ƙarfafa ma'aurata su zauna sau ɗaya a wata, kowa ya faɗi abin da ya samu da abin da ake bin sa, su yarda kan abin da za a tura wa dangin kowane ɓangare. Idan damuwa ta kai ga rashin barci na tsawon lokaci, ƙin abinci ko tunanin cutar da kai, addu'a da shawarar fasto suna tafiya ne tare da ganin likita.

Tarihi a taƙaice

Alaƙar coci da lissafin kuɗi tsohuwa ce. Luca Pacioli, ɗan ɗariƙar Faransiskan a Italiya, shi ne ya wallafa bayanin tsarin rubuta shiga da fita a shafuka biyu a birnin Venis a 1494, tsarin da akantoci ke bi har yau. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist a Ingila, ya taƙaita koyarwarsa kan kuɗi a ƙa'idoji uku: neman halal iya ƙarfi ba tare da cutar da jiki ko maƙwabci ba, tsimi ta hanyar guje wa almubazzaranci, da bayarwa iya iko. An ruwaito cewa lokacin da samunsa yake fam 30 a shekara yana rayuwa da 28 ya bayar da 2, kuma da samun ya ninka bai ƙara abin da yake kashewa a kansa ba.

A 1810 wani limamin coci a Sukotland, Henry Duncan, ya buɗe bankin ajiya domin talakawan ƙauyen Ruthwell. A Jamus, Friedrich Raiffeisen ya kafa ƙungiyoyin ajiya da rance na manoma a ƙarni na 19 domin kuɓutar da su daga masu cin riba. Wannan tsari ya iso Afirka ta garin Jirapa a arewa maso yammacin Ghana, inda wani limamin Katolika, John McNulty, ya kafa irin wannan ƙungiya a 1955.

Koyar da kasafin gida a matsayin darasi a coci ya bunƙasa ne a Amurka. Larry Burkett ya kafa ƙungiyarsa a 1976, wadda a shekarar 2000 ta haɗe da ta Howard Dayton suka zama Crown Financial Ministries. Dave Ramsey, wanda shi kansa ya taɓa karyewa saboda bashi, ya yaɗa tsarin ambulan da na fara biyan ƙaramin bashi ta rediyo da darussa. A Birtaniya, John Kirkby ya kafa Christians Against Poverty a Bradford a 1996, tana ba masu fama da bashi shawara kyauta ta hanyar majami'u. Tsare-tsaren nan an gina su ne a kan rayuwar ƙasashensu, inda katin bashi da rancen gida suka fi damun mutane. A Najeriya kuwa hayar shekara, nauyin dangi da faɗuwar darajar naira ne a gaba, don haka sai an daidaita su kafin su yi amfani.

Suka da iyakoki

Babbar muhawara a cikin gida ita ce ta bisharar wadata, wadda ke koyar da cewa bayar da kuɗi ga wani mai wa'azi iri ne da zai dawo ninki-ninki. Masu sukarta suna cewa tana tura matalauta su bayar da kuɗin haya ko jari, wani lokaci ma su ci bashi, da fatan abin da nassi bai lamunce ba. Babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Cape Town a 2010 ya yi watsi da wannan koyarwa a sanarwarsa. Masu kare ta kuwa suna kafa hujja da alƙawaran albarka irin na Malakai 3.

Suka ta biyu ita ce kasafi ba ya haifar da kuɗin da babu su. Gidan da ke rayuwa a kan naira 70,000 zai iya rubuta komai daidai kuma lissafin ya ƙi haɗuwa. A nan maganar kan koma neman ƙarin samu ta sana'ar hannu, noma ko kiwo, da kuma haƙƙin da ke kan wasu. Yakubu 5:4 ya yi kakkausan gargaɗi ga masu riƙe ladan ma'aikata. Ayyukan Manzanni sura ta 6 kuma ta nuna ikkilisiyar farko a Urushalima ta zaɓi mutum bakwai musamman domin kula da rabon abinci ga matan da mazansu suka rasu. Bisa wannan, malamai da dama suna ganin cocin da ke koya wa mabiyansa kasafi ya wajaba shi ma ya buɗe littafinsa gare su, ya kuma ware kaso sananne domin marayu, marasa lafiya da waɗanda jarinsu ya karye.